Kantunan Mai Sikeli

Shafi na 27

Masu cika mini akwatin saƙo da cewa na bar ku a tsaye kwana huɗu, na ji, na kuma ɗauki laifina. Ke kuma da kika ce za ki zo har gida ki ƙwace wayar ki ƙarasa rubutun da kanki, ƙofa a buɗe take, ki taho da caja. Sababbin shigowa, ga inda muke: Manaja ce babbar 'yar marigayi Mai Sikeli, ita ke riƙe da kantunan kayan abinci tara da ya bari. Wani babban kamfani ya taya su gaba ɗaya, ita da ƙaninta Auta sun yarda su sayar. Yau ce ranar sa hannu.

*

Ofishin da ke bayan Kanti na Ɗaya ba ya cin mutum huɗu sai an fitar da wani abu. Yau katan-katan ɗin madara aka fitar, aka jera su a baranda. Duk da haka gwiwar Lauya na gugar teburi, Auta kuwa bai samu wurin zama ba, ya jingina da tsohon firijin da ya daina aiki tun bara. Inna, mahaifiyarsu, ita aka ba kujera mai katifa. Ta ɗora haɓa a kan sandarta tana kallon ƙasa.

Manaja ta zare takalmanta a ƙarƙashin teburi. Ko hantsi bai gama ɗagawa ba, ƙafafun sun riga sun kumbura. Shekara goma sha tara ke nan tana riga motar burodi tashi, tana jin ƙorafin masu kawo kaya, tana raba faɗan ma'aikata ɗari da arba'in, kowa da irin halinsa. Yau dai so take ta ja layi ɗaya a takarda, ta je gida ta kwanta da rana tsaka kamar sauran mutane.

Ta ce, "Lauya, miƙo mu sa hannu. Sha biyu motar shinkafa za ta iso, kuma ba mai karɓa sai ni."

Auta ya yi dariya. "Yaya, har yau? Ki bar sababbin masu gida su karɓi shinkafarsu mana."

"Ba su zama masu gida ba tukuna."

Lauya bai miƙo komai ba. Sai gyara tabarau yake, yana buɗe jakarsa yana rufewa.

"Hajiya, akwai 'yar matsala."

"Babba ko ƙarama?"

"To... ya danganta da wanda ya ji ta."

Auta ya ce, "Malam, ba a kotu muke ba. Fito mana a mutum."

Lauya ya zaro wata takarda da aka kwafo daga tsohuwa, baƙin inji ya cinye gefenta. Ya shimfiɗa ta a gaban Manaja.

"Lauyoyin masu saye sun je ofishin rajista sun ciro fayil ɗin asali, na shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Jiya da yamma suka turo mini. Mutum biyu ne suka yi rajistar kasuwancin nan, rabi da rabi. Ga sa hannun marigayi. Ga kuma na biyun."

Na biyun ba sa hannu ba ne. Dangwalen babban yatsa ne.

"Ba a taɓa cire sunan ba," in ji Lauya. "Duk reshen da aka buɗe, a ƙarƙashin wannan takarda aka buɗe shi. Abin da kuka gada rabi ne, Hajiya. Ɗaya rabin yana da mai shi. In bai yarda ba, ko kwalin ashana ba za ku iya sayarwa da sunan kamfanin nan ba."

Ya karanto sunan a hankali. Sunan mace ne, da na ubanta, da na kakanta. Manaja ta juya shi a kanta, ta laluba dangin uwa da na uba, ta laluba tsofaffin masu kawo kaya. Ba ta taɓa jin sa ba.

Auta ya bar jikin firiji. "Kan uba! Wato Baba yana da wata a ɓoye?"

"Kul!" Inna ta ɗago. "Kada ka sake ka ɗora wa ubanka abin da bai ɗauka ba."

Manaja ta tsura wa uwarta ido. Wani abu ya tsaya mata a rai.

"Inna, kin san ta."

"Ni na ce miki?"

"Ba ki ce 'iye?' ba. Shekara biyar ke nan duk maganar da aka yi a gabanki sai kin ce 'iye?', ko da a kunnenki aka yi ta. Yau Lauya ya karanta suna ƙasa-ƙasa, ba ki ce a maimaita ba."

A waje ana jin ƙarar injin karɓar kuɗi, da muryar wata mata tana tambayar ko an kawo man gyaɗa ƙaramin galan.

"Kowa a ɗakin nan ya san ta," in ji Inna daga ƙarshe. "Kai, Auta, a bayanta ka yi barcin yarintarka. Ke kuwa ita ta cire miki haƙorin farko, a bayan kantin nan."

"Wace ce, Inna?"

"Iya Mai Faifai."

Auta ya buɗe baki bai rufe ba.

Iya Mai Faifai, tsohuwar da ke zama a kan 'yar kujerar katako a ƙofar baya, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa da ƙaiƙayi daga wake da shinkafa kafin a ƙulla su a leda. Hannayenta da gefen bakinta dabbare-dabbare da fari, kamar an watsa mata madara. Tun Manaja ba ta san kanta ba take ganin ta a wurin, kamar yadda take ganin famfo da bango. Ba wanda ya taɓa tambayar sunanta na yanka. Wa ke tambayar sunan bango?

Kuma ranar Alhamis ɗin da ta wuce Manaja ta sallame ta.

Masu saye ne suka ce ba sa son ma'aikacin da ya haura sittin, ga shi an kawo injin tsinta. Aka kira tsohuwar ofis. Manaja na kan waya da mai kawo sukari, ta tura mata takardar sallama da hannun hagu, ta nuna mata buhun shinkafa da katan ɗin sabulu da aka ware mata. Iya ta karɓi takardar da ba ta iya karantawa, ta ce, "To. Allah ya huta gajiya." Ta ɗauki kujerarta ta fita.

Auta ne ya fara dawowa hayyacinsa.

"To ai abin da sauƙi! Tsohuwa ce, me ta sani? A kai mata takarda ta dangwala, a haɗa mata da 'yar atamfa. Bari in je yanzu."

Inna ta buga sanda a ƙasa. "Ba inda za ka. Wadda ta kore ta, ita za ta je."

"Me ya sa ba ku taɓa faɗa mana ba?" in ji Manaja. "Shekara arba'in, Inna. Da kun faɗa ko sau ɗaya..."

"Shekarar farko kunya ce ta hana. Ta biyu ma kunya. Daga nan kuma sai ya zama an daɗe."

"Da na zo miki da jerin waɗanda za a sallama fa?"

"Kin karanta mini? Cewa kika yi, 'Inna, an rage tsofaffi,' kika wuce kina amsa waya. Sai ranar Asabar na ji a bakin mai gadi. Tun ranar abinci bai zauna mini a ciki ba."

Manaja ta sunkuya tana cusa ƙafafunta cikin takalmi. Sun ƙi shiga. Ta take bayan takalman ta miƙe haka nan.

"Motar shinkafar fa?" in ji Auta.

"Kai za ka karɓa. Duk buhu na goma ka soka ka duba."

Ya kalli farin yadinsa mai guga.

*

Sai da ta shiga mota ta tuna ba ta san gidan ba. Shekararta arba'in da takwas a duniya, duk a gaban matar nan, amma ba ta san inda take kwana ba. Dole ta sauke gilashi ta kira mai gadi. Ya yi mata kwatance yana kallon gefe, kamar shi ne ya yi abin kunyar.

Hanyar ta bi da ita ta gaban Kanti na Huɗu, wanda 'yarta Ummi ke kula da shi. Tun da maganar sayarwa ta taso, gaisuwa kawai ke haɗa su a gida, ita ma a tsaitsaye. Manaja ta ga an sake fentin allon, an jera lemo da kankana a bakin ƙofa ƙanana a gaba manya a baya, yadda Baba yake so. Ba ta tsaya ba.

Bayan gidan mai ta karya hagu, kwalta ta ƙare. Ta ajiye motar a bakin wani shagon walda, ta shiga lungu da ƙafa, jakar takardu a hammata.

Ƙofar langa-langa ce, shuɗiya. Ta yi sallama.

"Shigo, a buɗe take."

Tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma a share tas. Ɗaki ɗaya, da labule a ƙofarsa. Iya na zaune a inuwar bango, a kan kujerar nan tata, faifai a cinya. Buhun shinkafar sallama na gefenta a buɗe.

"A'a, Manaja ce da kanta? Yau wa ya mutu?"

"Ba kowa, Iya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Jawo bokitin can ki kifa, ba ni da kujerar manya."

Manaja ta kifa bokiti ta zauna. Iya ta nuna mata gefen tabarma, inda ta jera wasu ƙananan tsakuwoyi a layi.

"Injinku ne. Bakwai a kwano ɗaya. Ki gaya musu kafin ya fasa wa wani haƙori."

Manaja ta kasa dariya. Ta kalli hannayen da ke yawo cikin shinkafar, ba sa ko jiran ido.

"Iya, yau aka karanta mini sunanki."

Hannayen suka tsaya. Sai kuma suka ci gaba.

"Ashe yana nan. Na ɗauka gara ta cinye."

"Yana nan. Don Allah ki faɗa mini. Inna ta ce ke zan tambaya."

"Innarki ta iya tura mutum." Iya ta bakace shinkafar sau biyu, ta hure ƙaiƙayi. "Wannan rubutun da kika sa aka rataye a kowane kanti, mai hoton ubanki, an karanta mini shi. Wai ya fara da teburi ɗaya da sikeli ɗaya a bakin mararraba. Ba ƙarya a ciki. Teburi ɗaya ne, sikeli ɗaya ne. Sai dai nawa ne."

Manaja ta matso da bokitin kusa.

"Mijina ya rasu ya bar ni ba ɗa ba jika. Na sayar da gadona da katifa na sayi sikeli. Lokacin duk masu awo a layin nan da kwano suke yi, kowa ya bubbuge gindin nasa ya shige ciki. Ni kuwa in ɗora a gabanka ka gani da idonka. Kafin shekara, duk unguwa in za a aiki yaro sai a ce, je ka wurin Mai Sikeli."

"Ke ce Mai Sikeli."

"Ni ce. Ubanki a lokacin baro yake turawa, shi ke ɗauko mini buhuna daga babbar kasuwa. Siriri kamar tsinke, ga ci. Amma ko ƙwayar wake ta faɗi a hanya sai ya tsinto ya kawo."

"To me ya faru?"

Iya ta ɗaga hannunta na dama ta juya shi a rana.

"Wannan. A nan ya fara, a gindin ɗan yatsa, kamar ɗigon nono. Na ce ƙuna ce. Wata uku ya kama wuyan hannu. Da ya hau bakina sai wata ta ce kuturta ce. Mutum ɗaya ya faɗa da safe, kafin yamma kowa ya sani. Sati guda ban sayar da ko gishiri ba. Tumatir ya ruɓe a gabana. Wata da nake ba ɗanta alewa kullum ta aiko aka dawo mini da burodi, a kan sanda aka rataye shi, kada a taɓa inda na taɓa."

"Ba ki je asibiti ba?"

"Na je. Likita ya ce ba kuturta ba ce, launin fata ne kawai ke gudu, ba ya kama kowa. Har takarda ya ba ni. To wa zai bi gari gida-gida yana karanta wa mutane takardar likita? Abinci nake sayarwa, 'yar nan. Abin da za a sa a baki."

Ta ɗauki wata tsakuwar, ta ƙara a layi.

"Sai na kira ubanki. Na ɗinka masa riga fara, na ce tsaya a gaba, ni zan koma baya. Kai ka miƙa, ni in tsince in auna. Zuwa abin ya warke. Haka muka ce, zuwa ya warke. Mutane suka dawo. Su zo neman Mai Sikeli su tarar da shi a tsaye. Shekara biyu, sunan ya bi shi."

"Kuma kika yi shiru."

"In ce me? Ciniki na tafiya. Muka bar teburi muka kama shago. Da za a yi rajista ma ni cewa na yi ya sa sunansa shi kaɗai, kada nawa ya kore mana kasuwa. Ya ƙi. Har da hawayensa ya ja ni ofishin na dangwala. Kada ki tafi da cewa ubanki ɓarawo ne. Ci da sha da magani ban taɓa nema na rasa ba, 'ya'yan ƙanwata huɗu shi ya yi musu makaranta. Ko bayan ransa innarki ba ta fasa ba."

"To me ya rage, Iya?"

Tsohuwar ta ɗago kai daga faifan.

"Ƙofar gaba," ta ce. "Abu ɗaya na taɓa roƙonsa. Ranar da za a buɗe Kanti na Biyu na ce, bari in tsaya a gaba yau kaɗai, in miƙa wa mutum ɗaya kaya da hannuna. Ya ce, Yaya, ki bari sai na uku, mutane ba su gama mantawa ba. A na uku ya ce manyan baƙi za su zo. A na biyar ban tambaya ba, shi ma bai tayar ba. Na ce to ko yaran ka gaya musu. Ya ce in an buɗe na goma zai tara ku ya faɗi komai."

Ta watsa hannu.

"Ba a buɗe na goma ba."

Manaja ta rufe fuska da tafukanta. Ba kuka take ba, ko ƙarfin kukan ba ta da shi. Ita ce da hannunta ta rubuta tarihin nan, ta sa aka yi masa gilashi, aka rataye a kantuna tara. Ranar da aka ɗauki hoton cika shekara talatin, ita ce ta ce wa Iya ta ɗan matsa ciki, kada faifai ya fito a hoto.

"Iya, ki yafe mini."

"Na me? Korar? Ai na tsufa, idona ma ya fara yaudarata. Da kin ce, Iya, ki huta, da na gode miki. Ba korar ce ta yi mini ciwo ba."

"Mene ne?"

"Ba ki ɗago kai ba."

Daga lungu ana jin mai walda yana dukan ƙarfe.

"Amma ba neman gafara kaɗai ya kawo ki ba," in ji Iya. "Ga jaka nan a hammatarki kamar mai raba takardar haraji. Fito da ita."

Manaja ta ji kunya har cikin ƙashinta, amma ta buɗe jakar. Ta ciro takardar amincewa da ɗan akwatin tawada da Lauya ya haɗa mata.

"Sai kin yarda za a sayar. Rabinki za a ba ki cif, ni zan tsaya a kai, ko Auta ya so ko ya ƙi."

"Me ya sa kike son sayarwa? Kantunan na faɗuwa ne?"

"Ba sa faɗuwa. Ni ce nake faɗuwa."

Ba ta yi niyyar faɗin haka ba. Amma da ya fito sai sauran ya biyo.

"Na gaji, Iya. Wallahi na gaji. Rabona da in ci abinci a zaune ba waya a kunne, na manta. Likita ya ce jinina ya hau, na ce ya jira a gama sauke kaya. Ranar da baban Ummi ya cika, ina Kanti na Shida, firiji ya lalace kifi na narkewa. Aka kira ni sau uku, ina cewa ga ni nan, ga ni nan. Da na isa har an rufe masa fuska. Hannuna na ƙarnin kifi na taɓa shi."

Iya ta ajiye faifan a ƙasa.

"Yanzu ga Ummi ta ɗauko hanyar. An ba ta gurbin ƙaro karatu, ta ƙi tafiya. Da makullan kanti take kwana a ƙarƙashin matashi. Manema biyu ta kora don sun ce ta bar aiki. In ban sayar ba, nan da shekara ashirin ita ce za ta zauna a ofishin nan da kumburarriyar ƙafa. Ba zan bari kantunan nan su cinye ta yadda suka cinye ni ba."

"Kin tambaye ta?"

"Yarinya ce, Iya. Me ta sani?"

"Shekararta nawa?"

"Ashirin da shida."

"A ashirin da shida na kafa teburin."

Manaja ta kau da kai. Ta buɗe akwatin tawadar, ta ɗora takardar a kan jaka, ta matsar gaban tsohuwar.

"Ki taimake ni. Ban taɓa roƙon kowa komai ba. Nan za ki sa, inda aka yi alama."

Iya ta kalli tawadar, ta kalli babban yatsanta, fari fat. Ta girgiza kai a hankali.

"Da kin zo ranar Juma'a, ko Asabar, ko Lahadi ma, da na dangwala miki ba sai kin roƙa ba. Me zan yi da kanti tara? Kwana uku ina zaune nan ina jin motsin ƙofa, ina cewa yau wani daga gidan zai leƙo."

"Ai ga ni na zo."

"Kin zo. Sai dai ko na sa yatsan nan sau goma, ɓata tawada ne. Rabin ba nawa ba ne yanzu."

Manaja ta ɗago kai.

"Ban gane ba."

"Na bayar. Shekaranjiya, a gaban lauya da shaidu biyu, ga mai waldan can ma yana ciki. Kyauta, ba sayarwa ba. Takardun na kan hanyar ofishin rajista, in ma ba su riga sun isa ba."

"Kin bayar? Wa kika ba?"

"Ranar Lahadi da yamma mutum ɗaya cikin jinin ubanki ya tako lungun nan. Bai san komai ba, ko sunana bai sani ba. Ya durƙusa a nan inda kike, ya ce ya zo ba ni haƙuri a madadinki. Ya share tsakar gidan nan, ya ɗebo mini ruwa. Ya ce in ina so in koma bakin aiki, akwai wuri a kantinsa, kuma ba a ƙofar baya ba." Iya ta gyara ɗankwalinta. "Shekara arba'in ina jiran wani ya faɗi haka. Sai na ce zauna, in ba ka labari."

"Auta?" in ji Manaja. "Auta ne ya zagayo ta bayana?"

Iya ta yi dariya har da tari. "Auta? Wanda ko tsintsiya bai san ta inda ake riƙewa ba?"

"To wane ne, Iya? Don girman Allah, wane ne?"

Tsohuwar ta gyara zama. Ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta.

Labulen ya motsa.

Ummi ce ta fito, sanye da koriyar rigar ma'aikatan kanti, idanunta jajur kamar ta daɗe tana kuka a ciki. Ta ji komai. Kifin, makullan, komai. Ta tsaya a bayan kujerar Iya, ta dafa kafaɗarta.

Manaja ta yunƙura za ta miƙe, ƙafafun suka ƙi. Bokitin ya goce, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya.

"Ummi... ke?"

"Sannu da zuwa, Mama."

"Tun shekaranjiya kin sani? Muna kwana gida ɗaya, kina gaishe ni da safe?"

"Na so in faɗa miki jiya. Kina kan waya."

"Ummi, ki saurare ni. Don ke nake yi. Duk abin nan don ke..."

"Na ji, Mama. Na ji duka, kuma Allah ya sani ban san kin gaji haka ba." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ki huta. Ki ba ni makullan ki je ki kwanta, wallahi ba wanda zai ga laifinki. Amma ki kira Kawu Auta ki ce su mayar da birukansu aljihu. Ba na sayarwa."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ke nake gaya wa, Mama, ki yi haƙuri. Gobe ƙarfe bakwai Iya ce za ta buɗe Kanti na Ɗaya, ta ƙofar gaba, a gaban ma'aikata duka. In kin ga dama ki sallame ni ni ma. Sai dai kafin ki rubuta takardar, ki fara tambayar Lauya wa ke da ikon sallamar wa."